Ista: ma'anarta a addinin Kirista da al'adun da suka raɓe ta

Ista ita ce babbar idin Kirista, ranar da ake tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu a rana ta uku bayan gicciye shi, kamar yadda littattafan Bishara huɗu suka ruwaito. A tsarin ibada ta fi Kirsimeti daraja, domin Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azi da bangaskiya duka banza ne. A Turai da Amurka idin na faɗowa a lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa ke toho, don haka al'adu irin su rina ƙwai, zomon Ista da cakulan suka manne mata. Yadda za a riƙe ma'anar ibada a cikin wannan hada-hada tsohuwar muhawara ce a ikilisiyoyi.

Lokacinta

Ranar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ana yin ta ne a Lahadin farko bayan cikar wata da ya zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka a kalandar Giregori, wadda ake amfani da ita a yau, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Taron limamai na Nikiya a shekarar 325 ne ya nemi Kirista duka su riƙa yin ta rana ɗaya. Burin bai ɗore ba: bayan gyaran kalanda na 1582 da ya kawo ta Giregori, yawancin ikilisiyoyin Otodoks sun ci gaba da lissafi da kalandar Juliyas, ranakun kan bambanta, sai jifa-jifa su haɗu kamar a 20 ga Afrilu, 2025.

Asalin al'adun

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙwan Ista daga cikin coci ya fito. A Turai ta da, azumin kwana arba'in da ke gabanin idin ya haɗa da ƙaurace wa nama da ƙwai. Kaji kuwa ba su san azumi ba, ƙwai sai ya taru, a dafa shi don kada ya lalace, a ci shi ranar idi a matsayin buɗa-baki. Har yau 'yan Otodoks na rina shi ja don tunawa da jinin Almasihu, mutum biyu su gwara ƙwansu, ɗaya ya ce “Almasihu ya tashi”, ɗayan ya amsa “Hakika ya tashi”. A Folan ana kai kwandon ƙwai, burodi, gishiri da nama coci ranar Asabar don limami ya sa masa albarka.

Zomo dai ba shi da irin wannan hujja. Wani likita Bajamushe, Georg Franck von Franckenau, ya ambaci tatsuniyar zomon da ke ɓoye wa yara ƙwai a wani rubutunsa na 1682, kuma Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Fensilbaniya a ƙarni na 18 ne suka kai ta Amurka. Daga nan kasuwa ta karɓa. Kamfanin Fry na Ingila ya fitar da ƙwan cakulan a 1873, Cadbury ya bi sahu a 1875, sannan a 1878 shugaba Rutherford Hayes ya buɗe wa yara farfajiyar fadar White House don wasan mirgina ƙwai.

Ana yawan cewa idin gaba ɗaya gadon maguzancin Turai ne. Hujjar ba ta da ƙarfi. Tsohon rubutun da ya ambaci wata gunkiya mai suna Eostre, wadda ake danganta sunan Ista da ita, na malamin Ingila Bede ne a ƙarni na 8, kuma sunan ɗaya daga cikin watannin shekara yake bayani a kai, bai kawo zancen ƙwai ko zomo ba. Tun kafin nan Kirista sun yi ƙarnuka suna bikin, suna danganta shi da Idin Ƙetarewa na Yahudawa.

Matsayin ikilisiyoyi

Wasu sun zaɓi yanke hulɗa. 'Yan Furitan, masu ra'ayin tsarkake cocin Ingila, a ƙarni na 17 sun ƙi ranakun idi baki ɗaya, suna cewa Littafi Mai Tsarki bai umurta ba, kowace Lahadi ma tunawa ce da tashin. Shaidun Jehobah ba sa yin Ista. Mutuwar Yesu kaɗai suke tunawa sau ɗaya a shekara. Mafi yawan ikilisiyoyi kuwa ba su ga laifin ƙwai da alewa ba, muddin ba su danne ibada ba. Wasu ma kan yi amfani da su wajen koyar da yara: a zuba ƙaya, ƙusa da ɗan dutse a cikin ƙwan roba, a bar na ƙarshe wayam don nuna kabarin da aka tarar babu kowa.

Amma babbar garkuwar ma'anar ita ce jerin ranakun kansu. Wanda ya soma daga Larabar Toka, ranar da azumin ke farawa, ya riƙe ganyen dabino a Lahadin da ke buɗe Mako Mai Tsarki, ya halarci Jibin Ubangiji da wanke ƙafa ranar Alhamis, ya zauna cikin jimamin Juma'ar gicciye, ba sai an yi masa bayanin dalilin murnar Lahadi ba. A daren Asabar Katolika kan hura wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir daga gare ta, a shiga da shi cikin duhu, kowa yana kunna nasa daga na maƙwabcinsa, sannan a yi karatu da baftismar sabbin masu bi. Fafaroma Piyus na 12 ne ya maido da wannan ibada cikin dare a 1951, bayan ta daɗe ana yin ta da safe. Furotesta da yawa suna da sujadar da ake yi da fitowar rana, wadda 'yan ikilisiyar Morabiya suka fara a maƙabartar garin Herrnhut na Jamus a 1732.

Akwai kuma saɓanin lokaci. Shaguna kan cika da cakulan tun ana tsakiyar azumi, su kwashe kayan da zarar Lahadi ta wuce, alhali a kalandar coci ranar ce murna ke farawa, ta ɗauki kwana 50 har zuwa Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Shi ya sa wasu iyalai ke hana taɓa alewar sai an dawo daga sujada.

A fagen doka da siyasa

Wasu jihohin Jamus na taƙaita raye-raye a bainar jama'a ranar Juma'ar gicciye. Ailan ta hana sayar da barasa a ranar daga 1927 har zuwa 2018. A Birtaniya, an yi cacar baki a 2017 bayan zargin cire sunan Ista daga taken wani wasan neman ƙwai na yara da Cadbury da National Trust, ƙungiyar kula da wuraren tarihi, suka shirya. Firaministar lokacin, Theresa May, da Babban Bishop na Yok na lokacin, John Sentamu, sun soki lamarin, masu shirin kuma suka ce sunan na nan a tallace-tallacensu.