Eurocode ɗaya ce a Turai, amma kowace ƙasa da lambobinta

Maganganu biyu na yawo tsakanin matasan injiniyoyi da masu ba da kwangilar gini. Ta farko, wai tunda an soke BS 8110, tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta lissafin ginin kankare, duk benen da aka lissafa da ita ya saɓa wa doka. Ta biyu, wai yanzu Turai ƙa'ida ɗaya take bi, wato Eurocode, don haka lissafin da aka yi wa gini a Jamus zai zauna daram a Girka. Duka biyun ba haka suke ba, kuma ta biyun ce ma ta fi haɗari.

Eurocode jerin ƙa'idoji goma ne, daga EN 1990 zuwa EN 1999, waɗanda hukumar tsara ƙa'idoji ta Turai, CEN, ke kula da su. Sun shafi gine-gine da gadoji na kankare, ƙarfe, katako, bulo da alminiyam, har da harsashin gini da girgizar ƙasa. Tun 1975 aka faro aikin, aka kuma sa watan Maris na 2010 a matsayin wa'adin da ƙasashe za su janye tsofaffin ƙa'idojinsu masu cin karo da su. A lokacin ne hukumar tsara ƙa'idoji ta Birtaniya, BSI, ta janye BS 8110. Abin da janyewar ke nufi shi ne an daina sabunta ta. Ba a umarci kowa ya rushe gininsa ba, kuma ginshiƙin da aka lissafa daidai a 2005 bai yi rauni ba saboda takarda ta canza.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ratayen ƙasa, wato takardar da kowace ƙasa ke haɗawa da Eurocode mai ɗauke da lambobinta. Hanyar lissafi ɗaya ce, amma an bar gurabe sama da dubu a buɗe da gangan, kowace ƙasa ta cike da nata lambobin. Dalili a fili yake: dusar ƙanƙarar da ke sauka kan rufi a Finland ba ta sauka a Cyprus, girgizar ƙasar Italiya da Girka kuma ba ta damun Ireland. Bayan yanayi, akwai batun iko. Yawan kariyar da za a tanada wa rayukan jama'a hurumin kowace gwamnati ne, ba a miƙa shi ga Tarayyar Turai ba.

Ga misali daga ƙa'idar kankare, EN 1992. Akwai wata lamba da ake rage ƙarfin kankare da ita saboda nauyin da zai daɗe yana ɗauke da shi. Eurocode ta ba da shawarar 1.0, Birtaniya kuwa ta zaɓi 0.85 wajen lissafin lanƙwasa da dannawa. Kankare mai ƙarfin 30, idan aka raba da 1.5 na kariya, zai ba da 20 a wurin wanda ya bi shawarar, amma 17 a wurin ɗan Birtaniya. Siminti ɗaya, yashi ɗaya, sakamako daban, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Mai kuskure shi ne wanda ya tsinci lamba daga wannan rataye, ya tsinci wata daga wancan, yana neman wadda za ta rage masa rodi. Ratayen kuma ba shi da ikon sauya dabarar lissafin. Gurbin da aka bar masa kawai yake cikewa.

Batun hukunci fa? Eurocode ba ta ɗaure kowa, ba ta cin tarar kowa. Dokar ginin ƙasa ce ke ba ta haƙori. Jamus ta shigar da ita cikin dokokin gininta a 2012. A Ingila, dokar tsaron gine-gine ta 2022, wadda ta biyo bayan gobarar dogon benen Grenfell da ke Landan, ta kai hukuncin saɓa wa ƙa'idojin gini zuwa tara marar iyaka ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ma ba ta raba ta da Eurocode ba, domin BSI na nan cikin CEN.

Ni dai ina ganin tsarin ya yi adalci ga ƙasashen da suka zauna teburin. Wanda ya aro daga nesa shi ke kwana a ciki. Injiniyoyin Najeriya da dama da BS 8110 aka horar da su, shi ya sa idan manhajar lissafin gini ta tambayi rataye, hannu kan tafi kan na Birtaniya kai tsaye. To taswirar iskar da ke cikinsa ta tsibirin Birtaniya ce, ba ta san guguwar farkon damina da ke yaye kwanon rufi a Sakkwato da Maiduguri ba, haka ma zafin da ke buɗa ƙarfe. Singapore da Malaysia da suka rungumi Eurocode sai da suka rubuta nasu ratayen. Duk mai ba da aikin bene yana da haƙƙin ya tambayi injiniyansa, wanda ya kamata ya kasance mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya: da wane rataye ka yi lissafin, kuma daga ina ka samo ƙarfin iskar garin nan?