Hidimar Jama'a a Matsayin Sana'a: Tambayoyin Ɗaliban Sakandare da Amsoshinsu

Idan aka shiga ajin SS2 a Kano ko Gusau ko Bauchi aka tambayi ɗalibai abin da suke burin zama, amsar ba ta cika wuce likita, lauya, injiniya ko soja ba. Da wuya a ji wanda ya ce jami'in walwalar jama'a yake so ya zama, ko malamin kurame, ko mai ba masu shaye-shaye shawara, alhali waɗannan ayyuka ne da ake karanta su a jami'a, ake ɗaukar mutane a kansu, kuma doka ta san da zamansu. Ga wasu tambayoyi da ya kamata ɗalibi ya yi tun kafin lokacin cike fom ɗin JAMB ya ƙarato.

Me ake nufi da aikin hidimar jama'a, kuma su wa ke yin sa?

Ana nufin duk sana'ar da jarinta shi ne taimakon mutum ya fita daga wani hali da ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, ko talauci ne, ko maraici, ko nakasa, ko tsufa, ko shaye-shaye, ko gudun hijira, ko rikicin cikin gida. A cikinsu akwai jami'in walwala na asibiti da na kotu da na gidan gyaran hali, da malamin ba da shawara a makaranta, da malamin yara masu buƙata ta musamman, da ma'aikacin lafiyar al'umma, da ma'aikacin agaji a sansanin 'yan gudun hijira, da mai kula da gidan marayu ko gidan gajiyayyu. Likita yana duba ciwon da ke jikin mutum, su kuwa waɗannan suna duba rayuwar da marar lafiyar ya fito daga cikinta, wadda kuma zai koma bayan an sallame shi.

A zahiri, me jami'in walwala yake yi daga safe zuwa la'asar?

Mu ɗauki na asibiti, domin shi ne mutane suka fi cin karo da shi, ko da yake sau da yawa ba su san sunan muƙaminsa ba. Manyan asibitocin koyarwa na Najeriya suna da sashen walwala, kuma aikin ya samo asali ne daga Ingila, inda a shekarar 1895 wani asibiti a Landan ya ɗauki wata mata mai suna Mary Stewart don ta riƙa tantance halin da marasa lafiya ke ciki.

A ce an kawo wani dattijo da daddare bayan hatsarin mota, ba ya iya magana, babu waya a jikinsa, babu katin shaida, sai wata 'yar takarda a aljihun gaba mai ɗauke da lambar da ruwa ya cinye rabinta. Likita zai ɗinke rauni ya wuce wurin marar lafiya na gaba. Jami'in walwala shi ne zai zauna da wannan takarda, ya tuntuɓi 'yan sandan da suka kawo shi, ya je tasha ya tambayi 'yan kamasho motar da ta taso daga ina ce, ya kai sanarwa gidan rediyo idan ta kama, har a gano danginsa. Kafin azahar kuma wata mata tana jiran sa a bakin ofis: an sallami ɗanta tun kwana huɗu da suka wuce, amma kuɗin asibiti ya gagara. A nan ba hannu zai sa a aljihu ba. Zai yi mata tambayoyi a kan sana'ar maigidanta da yawan 'ya'yanta da waɗanda za su iya tallafa mata, wani lokaci ya je har gidan ya gani da idonsa, sannan ya rubuta rahoto ga hukumar asibiti yana neman a yi rangwame ko a yafe, ko ya haɗa ta da wata gidauniya ko hukumar zakka. Rabin wuninsa sauraro ne, sauran rabin kuma rubutu, domin duk abin da bai shiga fayil ba, a idon hukuma ba a yi shi ba. Ɗalibin da ba ya son rubutu ya san da wannan tun yanzu.

Ashe ba aikin da dangi da mai unguwa da malamai suke yi ba ne tun kaka da kakanni? Me ya kawo maganar digiri?

Tambayar tana bisa hanya. Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa kafin ta san riƙon maraya, da zakka, da wakafi, da sulhu a zauren mai unguwa ba, kuma har yau mafi yawan nauyin marasa galihu a wuyan dangi da maƙwabta yake, ba a wuyan gwamnati ba. Jami'in da ya raina wannan tsari ba zai yi nisa ba, don kuwa babu unguwar da zai shiga ya yi aiki ba tare da ya fara gaida mai unguwa da liman ba.

Sai dai akwai matsalolin da suka fi ƙarfin zaure. Binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar da rahotonsa a farkon shekarar 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Rikicin arewa maso gabas ya raba mutum sama da miliyan biyu da gidajensu. Yaron da ya kamu da shan kodin ba nasiha kaɗai yake buƙata ba, haka ma yarinyar da aka ci zarafinta a gidan da ya kamata ya zama mafakarta. Akwai yadda ake yi wa irin wannan yarinya tambaya ba tare da an sake fama mata ciwo ba, akwai matakin da doka ta ce a ɗauka, akwai kuma abin da za a rubuta wanda kotu za ta karɓa. Waɗannan koyonsu ake yi. Tausayi shi ke kawo mutum bakin ƙofar wannan sana'a, amma mai tausayin da ba shi da horo yakan yi ɓarna da kyakkyawar niyya, kamar wanda ya ji sirrin wata yarinya ya garzaya ya gaya wa iyayenta, alhali a cikin gidan matsalar take.

Dokoki ma sun bi wannan hanya. A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a, da kuma dokar kafa majalisar masu sana'ar ba da shawara. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka.

Ni ba ɗan ajin kimiyya ba ne. Ina da hanya?

Kana da ita, kuma ba ɗaya ba. Kwas ɗin da ke kai mutum kai-tsaye shi ne wanda za ka tarar a kundin JAMB da sunan Social Work, kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tana cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da shi. Kusa da shi akwai ilimin zamantakewa wato Soshiyoloji, da ilimin halayyar ɗan Adam wato Saikoloji, da ilimin jagoranci da ba da shawara wanda ake yi a tsangayar ilimi. Mai son koyar da kurame da makafi yana iya neman sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Jos, ko ya yi NCE ta shekara uku a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977 musamman don wannan fanni. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma tana ba da difloma a fannin raya al'umma.

Abin da ba ya canzawa shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma abin da ya fi aminci shi ne Turanci da Lissafi su kasance a ciki. Darussa ukun da za ka haɗa da Turanci a jarrabawar JAMB sukan bambanta daga kwas zuwa kwas, har ma daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka ka buɗe kundin shekarar da kanka, kada ka bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka. Ɗalibai da dama sun ci maki mai kyau amma suka rasa gurbi saboda kuskuren haɗa darussa.

Ɗan ajin kimiyya da bai samu likitanci ba kuwa, kada ya ɗauka duniya ta ƙare. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suna horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda aka fi sani da CHEW, a cikin shekara uku, kuma ana neman kiredit a Bayoloji da Kemistiri da Fizis baya ga Turanci da Lissafi. A ƙauyuka da yawa, wannan ma'aikaci shi ne likitan, shi ne mai awon ciki, shi ne kuma mai lallashin uban da ya ƙi yarda a yi wa 'ya'yansa rigakafi. A nan ma sai an yi hattara: kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta amince da ita, domin takardar da ba ta kai mutum ga lasisi ba ado ce kawai a bango.

Idan na gama, ina zan samu aiki?

Ma'aikatun mata da walwalar jama'a na jihohi da sassan walwala na ƙananan hukumomi su ne gidan farko. Sai asibitoci, ciki har da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye, NAPTIP tana da matsugunan waɗanda aka ceto daga masu safarar mutane, NEMA da takwarorinta na jihohi suna aikin agajin gaggawa. Dokar 2019 da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali ta buɗe sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima da sakin talala, kuma wannan sashe masu bin diddigin mutane yake buƙata ba masu riƙe makulli ba. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, musamman a Borno da Yobe da Adamawa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, yawan buƙata ba ya nufin yawan guraben aiki. Gwamnatoci sukan yi shekaru ba su ɗauki ma'aikata ba, aikin ƙungiyoyi kuma kwantiragi ne da ke rataye a wuyan masu ba da tallafi, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da Amurka ta datse tallafinta na ƙetare, ayyuka da dama suka tsaya cak. Abin da ke bambanta mai nema da sauran masu irin takardarsa shi ne abin da ya iya a aikace: rubuta rahoto mai tsabta, shigar da bayanai a kwamfuta ko waya, da harshe. Wanda ya iya Hausa da Kanuri, ko Hausa da Fulatanci, ko ya iya maganar hannu ta kurame, yana da jarin da ba a sayarwa a jami'a, domin ba wanda ke buɗe cikinsa ta bakin tafinta.

Ana samun kuɗi?

Ana samun abin rufin asiri. Mai digiri a aikin gwamnati yana farawa ne daga mataki na 8 kamar sauran takwarorinsa, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sukan biya fiye da haka amma ba su da tabbas. Wanda burinsa ya yi gida a Maitama kafin ya cika shekara talatin, ya nemi wata hanyar.

Mace za ta iya?

Akwai ma ɗakunan da ita kaɗai ke iya shiga. A gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofar zaure, namiji komai digirinsa a waje zai tsaya, kuma matar da aka yi wa duka ko fyaɗe ba kasafai take iya buɗe baki a gaban namiji ba. Ƙarancin mata masu horo a wannan fanni yana cikin dalilan da ke sa matsalolin cikin gida su daɗe a rufe.

Ta yaya zan gwada kaina tun ina sakandare?

Hutun ƙarshen shekara ya isa gwaji. Ka shiga ƙungiyar Red Cross ta makaranta ko 'yan agajin masallaci ko na coci ka koyi taimakon farko. Da izinin iyayenka da takarda daga shugaban makaranta, ka nemi a bar ka ka riƙa taimakawa a gidan marayu ko a makarantar masu buƙata ta musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, ba ziyarar yini ɗaya da ɗaukar hoto ba, a'a, zuwa a kai a kai na tsawon makonni. Idan makarantarku tana da malamin ba da shawara, ka tambaye shi yadda ya karanta aikinsa da abin da ya fi ba shi wuya.

Sannan ka lura da kanka. Kana iya sauraron tsoho na minti ashirin ba ka katse shi ba? Idan abokinka ya gaya maka wani abu na gidansu, yakan kwana a cikinka ko kuwa sai ka kai shi majalisa? Kana iya taimakon wanda ba addininku ɗaya ba, ko wanda kake ganin shi ya jawo wa kansa, ba tare da ka fara yi masa wa'azi ba? Riƙon sirri shi ne sharaɗin da ba a sassautawa a wannan sana'a, kuma ya haɗa da waya: hoton maraya ko marar lafiya ba abin sakawa a Facebook ko TikTok ba ne, ko da da sunan neman masa taimako, sai da yardar wanda ke da iko a kansa.

Mene ne ya fi wuya a aikin?

Rashin ganin ƙarshen labari, da kuma komawar labari baya. Matashin da aka yi wata uku ana fama da shi har ya bar ƙwaya yana iya dawowa bayan wata shida a halin da ya fi na da muni, kuma jami'in zai sake buɗe masa fayil ba tare da gori ba. Matar da aka taimaka ta kai ƙara tana iya zuwa da safe ta ce ta janye, don dangi sun taru a kanta. Ga kuma ranar da mutum goma ke layi alhali asusun da ke hannu na mutum biyu ne, sai ka zaɓa, ka kuma dubi sauran takwas a ido ka gaya musu. Irin wannan gajiya ba ta jiki ba ce, shi ya sa a wuraren da aikin ke tafiya daidai ake haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba wanda zai riƙa zama da shi lokaci-lokaci, su bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambaye shi ko yana samun barci.