Kafin a ce tsufa ne, a duba ledar magani

Idan dattijo ya fara jiri, ko mantuwa ta yi masa yawa, ko ya faɗi da tsakar dare a hanyar banɗaki, abin da iyali suka fi saurin faɗa shi ne, "Ai shekaru ne." Wani lokaci shekarun ne. Amma mu da muke aiki da magunguna mun sha gani, abin da ke wahalar da shi yana cikin ledar da ke gefen gadonsa.

Jikin ɗan shekara 75 ba ya sarrafa magani kamar na ɗan shekara 40. Hanta ce ke narkar da yawancin magunguna, ƙoda kuma ta fitar da su ta fitsari, kuma dukkansu ƙarfinsu na raguwa da shekaru ko da mutum yana jin lafiyarsa lau. Sai magani ya daɗe a jini, na jiya bai gama fita ba an ɗora na yau. Shi ya sa ƙwayar da ta yi wa ɗa daidai take iya yi wa uba yawa. Ga kuma yawan magungunan: na hawan jini, na suga, na ciwon gwiwa, na barci. Da zarar sun kai 5 a kullum, ma'aikatan lafiya kan ƙara sa ido, domin wani yana ƙara wa wani ƙarfi, wani yana kashe aikin wani.

Akwai abin da ya fi damuna, don a hankali yake faruwa, ba mai lura. An ba Baba amlodipine saboda hawan jini. Maganin yana da kyau, amma yakan kumbura ƙafa. Sai a kai shi wajen wani likitan, ba a faɗi abin da yake sha ba, a rubuta masa furosemide don ya rage ruwa. Yanzu fitsari ya hana shi barci, jini ya sauka fiye da kima, yana tashi tsaye jiri ya kwashe shi. Sai a nemo maganin barci, a nemo na jiri. Ƙwaya ɗaya ta haifi uku, alhali da an koma kan ta farkon an rage ta ko an canza ta, da magana ta ƙare. Haka lisinopril, wani maganin hawan jinin, yake jawo busasshen tari, a yi ta shan maganin tari wata da watanni ba sauƙi.

Tun 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga masu shekaru, kuma har yau ana sabunta jerin. Abin lura, da yawansu magungunan da muka saba da su ne. Diclofenac da ibuprofen suna kwantar da ciwon gaɓɓai, amma shansu kullum yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Idan an haɗa su da asfirin ko warfarin, maganin hana jini daskarewa, haɗarin zubar jinin ya ƙaru sosai. Diazepam, da ake sha don barci ko kwantar da hankali, yana sa layi da faɗuwa, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya sake tashi da ƙafarsa. Chlorpheniramine da ke cikin magungunan mura yana rikita tunani, yana iya riƙe wa dattijo fitsari. Glibenclamide kuma, maganin ciwon suga, yakan saukar da suga ƙasa warwas, musamman ranar da ba a ci abinci ba. Gumi, rawar jiki da sambatu ga mai shan sa ba abin jira ba ne.

Abin da nake roƙo ba shi da wahala. Ku tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha, na asibiti, wanda aka saya ba takardar likita, na gargajiya, na ƙarin jini, har da na ɗigawa a ido, ku kai wa mai harhaɗa magunguna ko likita a cikin kwalayensu. Kada ku ɓoye komai don jin kunya, ba faɗa za a yi muku ba. A irin wannan dubawar ake gano mutum yana shan magani ɗaya sau biyu saboda kamfanoni biyu sun ba shi suna daban. Ku tambaya a kan kowace ƙwaya: ta mece ce, har yanzu ana buƙatarta, kuma yaushe aka auna ƙoda? A maimaita haka aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka sallamo su daga asibiti.

Sai dai kada wannan bayani ya sa ku tsayar da magani da kanku. Prednisolone na kumburi da asma, atenolol na hawan jini da magungunan farfaɗiya, dainawa farat ɗaya na da haɗari, a hankali likita ke janye su. Kada kuma a daka ƙwaya don sauƙin haɗiya sai an tambaya, domin wasu an yi su ne su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan tsawon yini. Idan kun ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rikicewar tunani kwatsam, ko suma, a tafi asibiti nan take, a riƙe ledar maganin a hannu.