Ɗakin zanen Claude Monet da yadda yake aiki

Claude Monet (1840–1926) mai zane ne ɗan Faransa. An fi saninsa da fita fili ya zana abin da idonsa ya gani nan take, kafin haske ya juya. Sai dai yawancin manyan ayyukansa na ƙarshe a waje ya fara su, a ɗakin zane ya ƙarasa su, wasu bayan watanni, wasu bayan shekaru.

A garin Le Havre ya tashi, inda Eugène Boudin ya koya masa zane a bakin teku. Fentin mai da ake ɗurawa a bututun ƙarfe, wanda aka ƙirƙiro a 1841, shi ya sauƙaƙa wa masu zane fita da kayan aiki. A 1866 Monet ya haƙa rami a lambu yana zura ƙyallen zane mai tsawon mita biyu da rabi a ciki, don hannunsa ya kai saman ƙyallen ba tare da ya sauya wurin tsayuwa ba. A shekarun 1870, yana zaune a Argenteuil, ya mai da wani kwale-kwale ɗakin zane a kan kogin Seine. Édouard Manet ya zana shi yana aiki a ciki a 1874.

Ya koma ƙauyen Giverny a 1883, ya sayi gidan da yake haya a 1890. A nan ne ɗabi'arsa ta aiki a kan zane da yawa lokaci guda ta kafu. Dalilin kuwa haske ne. Launin tulin damman hatsi da hantsi daban yake da na la'asar, saboda haka in haske ya sauya sai ya ajiye ƙyallen da ke gabansa ya ɗauko wanda ya dace da sa'ar. Agolarsa Blanche Hoschedé, wadda ita ma mai zane ce, takan taimaka masa da kai ƙyallaye gona. Ya zana tulin hatsin kusan sau 25 tsakanin 1890 da 1891, kuma dillalinsa Paul Durand-Ruel ya baje 15 daga ciki a Paris a watan Mayun 1891. A shekarar nan, yana cikin zana wasu dogayen itatuwa a bakin kogin Epte, sai aka sa su a gwanjo. Ya haɗa baki da wani ɗan kasuwar katako, ya sa kuɗinsa, aka ɗaga saran har ya gama.

Babbar majami'ar Rouen ta nuna rabon da ke tsakanin aikin waje da na ɗaki. A 1892 da 1893 ya kama ɗakuna masu fuskantar ginin, ya fara zane kimanin 30, ya kwaso su zuwa Giverny ya ci gaba da shafa musu fenti. Da yawansu 1894 ya rubuta a jiki, shekarar da ya gama su, alhali ba a Rouen ya yi aikin shekarar ba. Fentin ya yi kauri har fuskar ƙyallen ta yi kaushi kamar dutsen ginin. Ya baje 20 a 1895.

Zanen Landan sun fi haka daɗewa. Sau uku ya je tsakanin 1899 da 1901, yana zana gadojin Waterloo da Charing Cross daga otal ɗin Savoy, ginin majalisar dokoki kuma daga asibitin St Thomas. Hazon birnin ba ya tsayawa a kama ɗaya, har ƙyallayen da ya fara suka kusan kai 100. A Giverny ya jera su yana gyara wannan yana duban wancan, domin a ganinsa aiki ɗaya ne, ba a sakin guda sai ya dace da 'yan uwansa. Sai a 1904 ya saki 37. Wannan gwama zane da zane ba ya yiwuwa a bakin kogi, sai a ɗaki mai faɗi.

Ɗakunan zane uku ya yi a Giverny. Na farko tsohuwar rumfar ajiya ce da ke manne da gidan, wadda daga baya ta zama falo. Na biyu ya gina shi a 1899. Na uku, wanda aka fara a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsawonsa kimanin mita 23 ne, faɗinsa mita 12, haske na shigowa ta gilashin rufi. An gina shi ne saboda manyan zanen furen bado. Tafkin badon ma shi ya yi abinsa: a 1893 ya sayi fili, ya janyo ruwa daga wani reshen Epte, ya ɗauki masu lambu suna kula da shi. Da bazara yakan zauna bakin tafkin yana zane, da sanyi ya shiga ɗaki ya tunkari ƙyallaye masu tsayin mita biyu, waɗanda aka ɗora a kan katakai masu taya don a tura su a sake musu jeri.

Launukansa ba su da yawa: fari, rawaya, ja iri biyu, shuɗi da kore, baƙi kuwa da wuya ya taɓa shi. Yakan bar fenti ya bushe ya sake shafa wani a kai, har wasu wuraren su tara shafi bisa shafi. Abin da ake ɗauka saurin hannu ne, sau da yawa aikin komawa ne.

Ba shi da tausayin aikin da bai gamshe shi ba. A 1908, ana dab da baje zanen badonsa, ya lalata aƙalla 15 da wuƙa da burushi. Aka ɗage baje kolin zuwa 1909, inda aka nuna 48. A 1912 likita ya gano yana da yanar ido. Launuka suka rikice masa, zanensa ya karkata zuwa ja da ruwan ƙasa, har yakan dogara da rubutun jikin bututun fenti. An yi masa aikin ido a 1923, bayan haka ya gyara wasu zanen, ya lalata wasu.

Da aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918, ya rubuta wa abokinsa Georges Clemenceau, firaministan Faransa na lokacin, cewa zai ba ƙasa kyautar zane. An sa hannu a takardar kyautar a 1922, amma ya ƙi rabuwa da zanen, kullum yana ganin da sauran gyara, har ran Clemenceau ya ɓaci. Suna nan a ɗakin zane na uku ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1926. An manna ƙyallaye 22 a bangon zaure biyu masu siffar ƙwai a gidan tarihi na Orangerie da ke Paris, aka buɗe wa jama'a a watan Mayun 1927. Ɗakin zanen na uku yanzu kantin sayar da tsaraba ne ga masu ziyartar Giverny.