Ƙofa ɗaya, makulli biyu: dokar shigar sabuwar ƙungiya gasar Formula 1

Ranar 2 ga Oktoban 2023 hukumar kula da tseren motoci ta duniya, FIA, ta sanar cewa ƙungiyar Andretti ta Amurka ta cika sharuɗɗan shiga gasar Formula 1. Ba a cika wata huɗu ba, ranar 31 ga Janairun 2024, kamfanin da ke riƙe da kasuwancin gasar ya fito ya ce ba za ta shiga ba. Nan fa masoya tsere suka rabu biyu. Wasu suka ce son zuciya ne tsagwaronsa, na ciki sun ƙoshi sun tura ƙofa. Wasu suka ce a'a, gara ƙungiyoyi goma masu ƙarfi da goma sha uku masu jan ƙafa. Tambayar da ta fi yawo a bakin mutane kuwa ita ce: in mai doka ya ce "bismillah, shigo", wa kuma ke da hurumin hanawa?

Amsar tana cikin yadda aka raba iko a gasar. Formula 1 ba mai ita ɗaya ba ne. FIA, mai hedikwata a birnin Paris, wadda Mohammed Ben Sulayem ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke shugabanta tun Disambar 2021, ita ke rubuta dokokin wasa, ita ke ba da lasisi, ita ke naɗa alƙalai da duba lafiyar mota da hanya. Kuɗi kuwa ba a hannunta suke ba. Haƙƙin nunawa a talabijin, da tallace-tallace, da maƙudan kuɗin da ƙasashe ke biya don karɓar baƙuncin tsere, duk suna shiga ta hannun kamfanin Formula One Management, wanda ake taƙaitawa FOM, mallakar Liberty Media ta Amurka tun 2017, kuma Stefano Domenicali ke jan ragamarsa. Sai ƙungiyoyin kansu. Igiyar da ta ɗaure ɓangarorin nan uku ita ce Yarjejeniyar Concorde, wadda aka fara sa wa hannu a 1981, ta kuma samo sunanta daga dandalin Paris inda ofishin FIA yake. Ana sabunta ta bayan 'yan shekaru, kuma ba a bayyana cikakken abin da ke cikinta ga jama'a.

Gurbi dai akwai shi. Dokar wasa ta yarda da motoci har 26 a layin tashi, wato ƙungiyoyi 13 tunda kowace na da mota biyu, yarjejeniyar da ta yi aiki daga 2021 zuwa 2025 kuma ta tsaya a ƙungiyoyi 12. Daga 2017 har 2025 goma ne kawai ke fafatawa.

Makulli na farko na hannun FIA. A Fabrairun 2023 ta buɗe ƙofar neman shiga, ta ce mai so ya kawo takardunsa: ina kuɗinka, ina masana'antarka, su waye injiniyoyinka, wace gogewa kake da ita a tsere. Akwai kuma sharaɗin da ya bambanta wannan gasa da sauran: ba a zuwa kasuwa a sayi mota sukutum a manna mata suna. Ƙungiya na iya sayen inji da akwatin giya daga wata, amma gangar motar da fukafukanta da duk sassan da ke sarrafa iska, dole zanenta ne na kanta. Haas, wadda ta shigo a 2016, ta sayi duk abin da doka ta halatta daga Ferrari, duk da haka sai da ta mallaki zanen gangar motarta. Masu nema huɗu ne suka kai zagayen tantancewa mai zurfi: Andretti, Hitech, Rodin Carlin da LKYSUNZ. Andretti kaɗai ta haye.

A makulli na biyu gizo ke saƙa. Wanda FIA ta amince da shi sai ya je ya ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da FOM, in ba haka ba babu kason kuɗi, babu abin da zai riƙe ƙungiyar. Ma'aunin FOM kuwa guda ne: shin sabon shiga zai ƙara wa gasar daraja? A kan wannan aka kayar da Andretti. Kamfanin ya ce bai ga alamar motar za ta iya gogayya ba. Ya ce ƙera mota don 2025 sannan a sake wata sabuwa fil don dokokin 2026 ya fi ƙarfin sabuwar ƙungiya. Ya ce ba ta da injin kanta, kuma in aka kai ga tilasta wa wani kamfani ya sayar mata, kamar yadda doka ta tanada, hakan zai zubar da ƙimar gasar. Ya ce ƙarin ƙungiya nauyi ne a kan masu filayen tsere. Maganar da ta fi yi wa Amurkawa zafi ita ce cewa sunan Andretti ne zai amfana da Formula 1, ba Formula 1 ce za ta amfana da shi ba. Ana faɗin haka a kan gidan Mario Andretti, zakaran duniya na 1978.

A bisa takarda, ƙungiyoyi goma ba su da ƙuri'a a wannan hukunci. Amma ba a ɓoye ra'ayinsu yake ba. Tun a tseren Miami na 2022 Michael Andretti, ɗan Mario kuma jagoran ƙungiyar Andretti a lokacin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takardar neman goyon baya, McLaren da Alpine ne kawai suka sa hannu. Ruwa ba ya tsami banza, dalilin kuwa lissafi ne.

A 2023 abin da FOM ya raba wa ƙungiyoyi ya kai kimanin dala biliyan 1.2. Ba daidai-wa-daida ake rabawa ba, wanda ya fi maki ya fi kaso, Ferrari kuma na da nata na musamman saboda daɗewa. Amma don sauƙin fahimta mu ɗauka daidai ne: goma su raba, kowa ya tashi da miliyan 120, sha ɗaya su raba, kowa ya koma wajen miliyan 109. Kwanon bai ƙaru ba, hannu ya ƙaru. Don toshe wannan giɓi ne yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2020 ta ƙirƙiro kuɗin diyya: sabuwar ƙungiya ta ajiye dala miliyan 200 kafin ta taka hanya, a raba wa tsofaffin, miliyan 20 kowace. Lokacin da aka yanke adadin, annobar korona ta durƙusar da harkar, har aka sayar da Williams gaba ɗayanta a kan kimanin yuro miliyan 150. Miliyan 200 a wancan lokaci katanga ce mai tsayi.

Sai kasuwa ta juya. An ƙayyade abin da ƙungiya za ta iya kashewa a shekara, an fara da dala miliyan 145 a 2021, ƙungiyoyin da suka saba tafka asara suka fara ganin riba. Amurkawa suka rungumi gasar har ƙasar ta samu tsere uku, a Austin da Miami da Las Vegas. A Yunin 2023 Alpine ta sayar da kashi 24 cikin ɗari kacal na hannun jarinta a kan yuro miliyan 200. Shugabannin ƙungiyoyi irin su Toto Wolff na Mercedes da Christian Horner, na Red Bull a lokacin, suka duba suka ga diyyar miliyan 20 ba za ta rufe asarar shekara biyu ba, wanda ya shigo kuma ya samu kujerar da ta doshi dala biliyan ɗaya a farashin gwanjo.

Ban ga laifin wannan damuwa ba, kuma ba kuɗi kaɗai ke bayanta ba. Duk wanda ya kalli gasar a 2010 ya san abin da ake tsoro. A shekarar an shigo da sababbin ƙungiyoyi uku, Lotus da ta koma Caterham, Virgin da ta koma Marussia sannan Manor, da kuma HRT. Ta huɗu, USF1, an ba ta izini amma ko mota ba ta kammala ba. HRT ta rufe a ƙarshen 2012, Caterham ta bi ta bayan kakar 2014, Manor ta cika a farkon 2017. Su ukun, a duk shekarun da suka yi, maki uku suka tara: biyu na Jules Bianchi a Monaco a 2014, ɗaya na Pascal Wehrlein a Austriya a 2016. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, masu kawo kaya suka yi ta bin bashi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, don haka tantancewa mai tsauri daidai ce, diyya ma daidai ce.

Inda na rabu da su shi ne wannan ma'auni na "ƙara daraja". Ba shi da lamba, ba shi da mudu, ba wanda zai iya zama da alƙalami ya ce na cika ko ban cika ba. Kuma mai awon shi ne wanda aljihunsa da na abokan cinikinsa ke cikin maganar. Abin da ya biyo baya ya ƙara min wannan ra'ayi. A Mayun 2024 wasu 'yan majalisar dokokin Amurka suka rubuta wa Liberty Media suna neman bayani. A Agusta kamfanin da kansa ya tabbatar cewa sashen hana babakere na ma'aikatar shari'ar Amurka na bincikensa a kan batun. A Satumba Michael Andretti ya sauka daga jagoranci, abokin kasuwancinsa Dan Towriss ya karɓa. Ranar 25 ga Nuwamban 2024 aka sanar da amincewa ta farko ga ƙungiyar da sunan Cadillac, tambarin General Motors, kamfanin motocin Amurka da Andretti ke haɗin gwiwa da shi, ranar 7 ga Maris ɗin 2025 kuma izini ya tabbata daga kakar 2026. Rahotanni sun nuna diyyar da aka biya ta kai dala miliyan 450.

To me ya canza? Ma'aikatan da Andretti ta ɗiba a Silverstone na Ingila su ne dai. General Motors ta yi rajistar ƙera injin Formula 1 tun Nuwamban 2023, kafin a ƙi su. Batun rashin injin kai kuma yana nan, domin injin Ferrari aka tanadar wa Cadillac da farko, nata sai 2029. Gaskiya ne General Motors ta ƙara zurfafa hannunta a cikin ƙungiyar, ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ido ya gani ya sauya ƙarara shi ne suna, da mutumin da ke gaba, da yawan kuɗin. Dokar da za a ƙi ka da ita yau a karɓe ka da ita gobe ba tare da an taɓa harafi ɗaya nata ba, tana buƙatar gyara. Ko hanyar kauce mata ma a buɗe take ga mai ƙarfi: Audi ba ta nemi sabon gurbi ba, Sauber ta saya, don haka babu diyya.

A duba dokar direbobi a ga bambanci. Ita ma ana jayayya a kanta, amma a rubuce take. Kafin mutum ya tuƙa a tseren Formula 1 sai ya samu babban lasisin FIA: maki 40 da ya tara a ƙananan gasanni cikin shekara uku, gwajin tuƙa motar Formula 1 na aƙalla kilomita 300, da shekara 18 da haihuwa. An kafa wannan tsari daga 2016, bayan Max Verstappen ya fara tsere yana ɗan 17, kodayake a 2024 an ba hukumar damar sassauta wa ɗan 17 da ya nuna bajinta ta musamman. A 2022 Red Bull ta so ɗauko Ba'amurke Colton Herta, wanda ya riga ya ci tsere bakwai a IndyCar, gasar tseren motoci ta Amurka, ya tuƙa wa ƙaramar ƙungiyarta. Makinsa 32 ne, FIA ta ƙi ɗaga ƙafa. Masoyansa sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja: a lokacin wanda ya zo na uku a Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, maki 40 yake samu, na uku a IndyCar kuwa 20. Amma kowa ya ga lissafin, kowa ya san ina giɓin yake, shi ya sa aka iya matsa lamba har FIA ta ƙara makin IndyCar a ƙarshen 2025. Cadillac ta ɗauki gogaggu biyu, Sergio Pérez da Valtteri Bottas, Herta kuma ya zama direban gwajinta, ya amince ya koma Formula 2 a 2026 don cike makinsa.

Filayen tsere ma makulli biyu ne. FIA ke ba da lasisi mai daraja ta ɗaya bayan ta auna faɗin hanya, da filin da mota za ta zame in ta kuɓuce, da shingaye, da asibitin cikin fili. Amma lasisi ba ya kawo tsere, sai an daidaita da FOM a kan kuɗin baƙunci. Hockenheim na Jamus ya rasa nasa bayan 2019 ba don hanyar ta lalace ba. Afirka kuwa rabonta da Formula 1 tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993. Kyalami na ƙoƙarin ɗaga darajar lasisinsa, Shugaba Paul Kagame kuma ya bayyana a Disambar 2024 cewa Ruwanda na neman nata tseren, alhali kalandar ta riga ta cika da tsere 24.

An sabunta Yarjejeniyar Concorde a 2025, za ta yi aiki daga 2026 zuwa 2030. Da Cadillac ƙungiyoyi sun zama 11, motoci 22, Ben Sulayem kuma ya sha faɗin cewa yana son ganin wani kamfanin ƙera motoci na China ya zama na 12.