Iskar taya da sabis ɗin wakala: tambayoyin masu mota a Saudiyya

Hausawa da yawa da ke zaune a Makka, Madina, Jidda da Riyad da mota suke neman abinci, wasu direbobin gidaje ne, wasu suna tuƙi a kamfanoni, wasu kuma motar kansu ce suke lallaɓawa. Da zarar zafi ya kankama, zancen taya ba ya ƙarewa a tsakaninsu, kuma kusan kullum yakan ƙare ne a kan tambaya ɗaya, wato ko aikin da wakala (wakilin kamfanin mota mai sayarwa da yin sabis) ta yi wa mota ya wadatar.

Na kai motata wakala an yi mata sabis, kuma takardar da aka ba ni ta nuna an duba tayoyi. Shin akwai buƙatar in sake auna iska da kaina?

Akwai, kuma wannan ba zargin kowa ba ne. Ko da ma'aikacin ya yi aikinsa tsakani da Allah, abin da ya auna na ranar ne kaɗai. Lafiyayyar taya wadda ba ta da ƙusa ko huji tana rasa kimanin psi 1 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) a kowane wata, domin iska tana tsiyayewa a hankali ta jikin robar kanta. Idan sabis ɗin motarka bayan kowane kilomita 10,000 ne ko wata shida, tayar da aka bari a kan 33 za ta iya sauka zuwa 27 kafin ka koma, alhali a ido ba za ka ga wani bambanci ba, saboda tayoyin zamani ba sa nuna laushi sai abin ya yi nisa.

Sannan akwai yadda aikin yake gudana a zahiri. Mota takan shiga wurin sabis da tayoyinta da zafi daga hanya, layin motoci yana jira, ma'aikaci kuma yana da jerin abubuwan da zai sa wa alama a takarda. Sau da yawa ana cika duk motocin ranar da lamba guda, ƙarama da babba, ba tare da an leƙa abin da kamfanin kowace mota ya rubuta ba. Hatta sabuwar mota ba ta tsira ba: masana'antu sukan yi wa tayoyi iska fiye da ƙima kafin a loda motoci a jirgin ruwa, don kada ƙasan tayar ya baje saboda doguwar tsayuwa, kuma aikin wakala ne ta rage kafin ta miƙa makulli. Idan an manta, sai mutum ya yi watanni yana yawo da 45 yana mamakin yadda sabuwar mota take buga shi a kan kowane tudu.

To nawa ne daidai, kuma a ina zan gani?

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da take rufuwa a kai, za ka ga 'yar takarda a manne. A wasu motocin, musamman na Turai, tana bayan murfin tankin mai, kuma tana cikin littafin mota. A nan aka rubuta lambar tayoyin gaba da ta baya, wani lokaci da lamba ta biyu don ranar da aka cika mota da mutane da kaya. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin psi 30 da 36. Idan an rubuta da wani ma'aunin ne, bar ko kPa, bar 1 daidai yake da psi 14.5, saboda haka bar 2.2 kusan psi 32 ke nan, kPa 240 kuma kusan psi 35.

Lambar da ke rubuce a gefen tayar, wadda takan zama 44 ko 51, ba ita ake bi ba. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, kuma kamfanin taya ne ya rubuta ta ba tare da ya san motar da za a ɗaura wa ba. Wanda ya san nauyin motar shi ne wanda ya ƙera ta.

A banshar, wato shagon gyaran taya, an ce mini in rage iska lokacin zafi don kada taya ta fashe. Gaskiya ne?

Wannan shawara ta yaɗu ƙwarai, kuma masu bayar da ita da kyakkyawar niyya suke yi, amma ita ce mafi haɗari a cikin duk abin da ake faɗa game da taya. Tunanin shi ne iska tana kumbura da zafi, don haka a bar mata wuri. Gaskiya ne tana kumbura, kimanin psi 1 a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Selsiyas, sai dai masu ƙera taya sun riga sun sa wannan a lissafi, kuma ƙarin psi 4 ko 5 a kan hanya ba ya kusa da abin da zai fasa lafiyayyar taya.

Ƙarancin iska shi ne yake fasa ta. Tayar da ba ta cika ba, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a cikin minti guda, kuma wannan lanƙwashewar ce take haifar da zafi a cikin jikin robar, kamar yadda waya take ɗumi a hannu idan ana ta lanƙwasa ta ana so a karya. Idan aka haɗa wannan da kwalta mai ƙuna, da gudun kilomita 120 a awa, da mota cike da iyali da jarkokin zamzam a kan hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, zafin yakan kai inda robar za ta saki wayoyin ƙarfen da ke cikinta, sai bayan tayar ya ɓantale gaba ɗaya. Baƙaƙen ɓawon taya da ake gani a yashe a gefen manyan hanyoyi mafi yawansu ta haka suka samu.

Ƙasar nan ma tana cikin tarihin wannan magana. A 1999 kamfanin Ford ya fara sauya tayoyin Firestone da ke kan motocin Explorer a Saudiyya saboda yadda bayansu yake ɓantalewa, shekara guda kafin a janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka a watan Agustan 2000. Daga cikin abin da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da iska, domin Ford ya rubuta psi 26, Firestone kuma ya ce 30 ya kamata. Tayoyin suna da nasu aibin na ƙira, amma zafi, gudu da ƙarancin iska su ne suka tona shi. Dokar da Amurka ta yi bayan wannan rikici ita ce ta wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci daga 2007.

Wuri ɗaya ne rage iska yake da amfani, wato cikin yashi, inda masu fita sahara sukan sauke ta don kada mota ta kafe. Su ma da sun dawo bakin kwalta suke mayar da ita, shi ya sa ba sa rabuwa da famfo a but.

Yaushe ya fi dacewa a auna?

Lokacin da tayar take a huce, wato motar ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko kuma ba a yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 da ita ba. A nan ƙasar, bayan sallar Asuba ya fi, kafin rana ta bugi gefe ɗaya na motar ta sa tayoyin wancan ɓangaren su nuna fiye da na ɗayan. Sau ɗaya a wata ya isa, sai kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Idan ka tsaya a gidan mai a tsakiyar tafiya ka ga geji ya nuna 38 maimakon 33, kada ka taɓa bawul. Wannan ƙarin na zafi ne, zai sauka da kansa, kuma idan ka rage shi to gobe da safe za ka tarar da tayar a ƙasa da ƙa'ida. Haka kuma canjin yanayi yana taɓa lambar: tayar da aka cika a Jidda a watan Satumba za ta nuna ƙasa sosai a Riyad ko Tabuk a sanyin Janairu, ko da ba ta yoyo.

Shawarata ita ce ka sayi gejinka na kanka, ɗan ƙarami wanda ba ya da tsada, ka ajiye shi a aljihun mota. Gejin da ke jikin tiyon banshar yini yake ana jan sa a ƙasa, yana faɗuwa, mota tana taka shi, kuma ba kasafai ake gwada sahihancinsa ba. Ka bar su su sa iskar, kai kuma ka tabbatar da naka.

Motata tana da fitilar gargaɗi, kuma an sa mini naitirojin. Wannan bai isa ba?

Fitilar a yawancin motoci ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Ga tayar da ta kamata ta zauna a 33, wannan yana nufin sai ta kusa 25, alhali tun kafin nan take cin roba da mai. Wasu motocin ma ba su da na'ura a cikin tayar, juyin ƙafafun kawai suke kwatantawa, kuma dole a sake saita su duk lokacin da aka gyara iska. Shi kuwa naitirojin, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 shi ne. Yana ɗan rage saurin tsiyayewa, amma ba ya hana ƙusa shiga, kuma babu laifi a ƙara iskar gama-gari a kansa idan taya ta yi ƙasa.

Ke nan kada a yarda da wakala?

Ba haka ba ne. Akwai ayyukan da wakala ta fi kowa cancanta da su: tana da kwamfutar da aka yi don irin motarka, tana samun sanarwar kamfani idan an gano wani aibi, kayan gyaranta na asali ne, kuma tarihin sabis ɗin da ta ajiye yana ƙara wa mota daraja ranar sayarwa. Wanda ya ɗauki motar da ke cikin garanti ya kai matsalar giya ko ta lantarki wurin wanda zai yi ta lalube, bai yi wa kansa adalci ba. Inda ake samun giɓi shi ne ƙananan abubuwa, waɗanda ba a biyan kuɗinsu daban kuma ba wanda yake bin diddiginsu.

Saboda haka kada ka karɓi makulli ka wuce. Minti biyar a harabar wakalar sun isa ka zaro sandar baƙin mai ka ga matakinsa da launinsa, ka duba ko an mayar da murfinsa da murafan bawul, ka leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga. Karanta fatura, wato rasit, layi-layi, ka tabbatar an rubuta irin man da aka zuba da adadin kilomitar da motar take a kai. Idan an ce an sauya matatar iska ko takalmin birki, ka nemi a nuna maka tsohon. Idan kuma sabis ɗin ya haɗa da juya tayoyi, gaba su koma baya, ɗan alli ko fenti da ka ɗiga a jikin taya ɗaya kafin ka kawo motar zai gaya maka ko an yi. Iska dai ka bari sai washegari da safe ka auna. Duk lokacin da aka kwance ƙafa, yana da kyau a sake gwada notuna bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Tayar kanta tana ba da labari ga mai dubawa. Idan gefunanta biyu ne suka fi suɗewa, ta daɗe da ƙarancin iska; idan tsakiya ne, iska ta yi yawa; idan kuwa gefe ɗaya ne kawai, to saitin ƙafa ne ya goce, kuma wannan aikin gareji ne.

Direban gida yana da ƙarin dalilin yin duk wannan, domin idan taya ta fashe da iyalin maigida a ciki, ba ma'aikacin wakala za a fara tambaya ba.

Idan na yi sabis a wata warsha, wato gareji, a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, garantina ya faɗi?

Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta bayyana cewa yin sabis na yau da kullum a wajen wakala ba ya soke garanti, muddin an yi shi a kan lokaci kuma bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar. Nauyin da ke kanka shi ne hujja, don haka ka adana kowace fatura mai ɗauke da kwanan wata, adadin kilomita da sunan kayan da aka sa. Idan an samu saɓani, ana kai ƙara ta lambar 1900 ko manhajar Balagh Tijari. Akwai kuma shafin Recalls.sa, inda za ka sa lambar shasin motarka ka ga ko kamfani ya kira irinta don gyara kyauta.

Tayata zanenta bai suɗe ba, amma ta daɗe. Sai yaushe zan sauya?

Zafi yana tsufar da roba ko motar ba ta tafiya. Duba gefen tayar inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2423 yana nufin mako na 24 na shekarar 2023. Ka duba wannan tun a shago kafin a ɗaura maka, domin sabuwa a ido ba lallai ta zama sabuwa a shekaru ba. A wurin kuma akwai harafin juriyar zafi, A, B ko C, kuma A ce ta fi dacewa da wannan ƙasa. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, amma tayar da ta kai shekara biyar a nan, ko wadda gefenta ya fara tsattsagewa ko ya yi ƙulu, ta cancanci a nuna wa masani ko da zanenta yana nan.

Safaya ita ce aka fi mantawa da ita, a gida da wakala baki ɗaya, musamman idan but cike yake da kaya ko kuma a ƙarƙashin mota take rataye. Siririyar nan ta wucin gadi psi 60 take buƙata, kusan ninki biyu na sauran, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.