Me ake nufi da "gina jiki"?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ci karo da "gina jiki" ba. Mai magani da lasifika a kan mota a Sabon Gari shi yake talla, mai sayar da gari a roba shi yake talla. Har wani mai gabatar da shiri na ji yana yaba baƙonsa wai ya gina jiki, alhali tumbi da kumatu ne mutumin ya tara. Abin da ke damuna ke nan: an mayar da kalmar sunan ƙiba, samarinmu kuma suna zuba kuɗi da lafiya a kan wannan ruɗani.

Mu koma wa kalmar kanta. Gini aikin magini ne, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya ga yadda ake ginin ƙasa. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a shanya. In an jera sahu kaɗan sai a dakata ya sha iska kafin a ɗora wani, don in aka yi gaggawa katangar zubewa za ta yi. Tsoka ma haka take. Ka ɗora mata nauyin da ya ɗan fi ƙarfinta, ka ba ta abinci, ka bar ta ta huta kamar kwana 2, ita kuma ta gyara kanta ta ƙara kauri. A lokacin hutu da barci ginin yake hawa, ba a lokacin da kake nishi a ƙarƙashin ƙarfe ba. Tubalin kuwa furotin ne: ƙwai, wake, awara, kifi, nama, ƙuli-ƙuli, kindirmo. Masana suna cewa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, furotin ɗin da ke cikin ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne ko kusa da haka. Ka ga ke nan shayi da burodi ba za su yi aikin ba.

Maganin ƙiba da ake sayarwa da sunan "sha ka fashe" kishiyar wannan ne. Sau da yawa dexamethasone ake haɗawa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ajiye kitse a ciki da bayan wuya, sannan in an daɗe ana sha ya cinye tsokar hannu da cinya, ya tayar da suga da hawan jini. Ta yaya abin da ke rushe tsoka zai ci sunan gina jiki?

A shagon wani tela a Tudun Wada na ga wannan ruɗani da idona. Ɗan yayata na raka awon kayan Sallah, yaro dogo siriri, yana ta mita wai kaftani ba ya zama masa. Telan ya ɗora tef daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ya sauko ƙirji, ya zagaye ciki, sai ya ce masa: "Samari, riga a kafaɗa take rataye. In kafaɗa ta cika, yadi ya sauko sumul. In ciki ya riga kafaɗa fitowa, ko shaddar nawa ka saya gaban rigar ɗagewa zai yi." Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe ba ƙiba nake nema ba." A da babbar riga mai aska takwas tana rufa wa kowa asiri, siriri da mai teɓa duk kwarjini ɗaya. Ɗinkin yanzu mai kama jiki ba ya ɓoye komai, shi ya sa maganar ta taso.

Ƙashin kafaɗa dai halitta ne, in girma ya tsaya ba ya ƙara tsawo. Abin da ke hannunka naman da ke kansa ne, musamman na gefen kafaɗa, da faffaɗar tsokar nan ta baya da ke saukowa daga hammata zuwa ƙugu. Su ne suke sa sama ya buɗe, ƙugu ya zama kamar ya tsuke. A nan ma ina da ƙorafi da yaran da ke ɗaga gwangwanin siminti a lungu: damtse da ƙirji kawai suke bi, don su ake gani a madubi. Ƙarshenta kafaɗa ta ranƙwafo gaba, hannun riga ya matse, wuyan riga ya tashi ta baya. Dubi bayan mai faskare ko ɗan dako, za ka gane inda faɗi yake fitowa.

Ɗan yayar tawa yanzu ƙarfen rataya ya kafa a tsakar gida. Yana jan jikinsa sama har haɓa ta wuce ƙarfen, ya dafa ƙasa yana sauka yana tashi, ya ɗaga galan biyu na ruwa ta gefe zuwa daidai kafaɗa, sau 3 a mako. Telan ya ce kada ya dawo sabon awo sai bayan wata 6.